Sifilin Hajji Ubayyis

"Gajiya kuma? Ai yanzu ta shigo, da gyale a kafaɗa," in ji Hajji Ubayyis da jikarsa Rusul ta yi masa ina gajiya, ko ɗaga kai bai yi ya dube ta ba.

Tsohon nan fa a tsorace yake, bakin ne kawai bai mutu ba. Wuta mai ƙarfin amfiya goma kacal mai janareton unguwa ke ba gidan, ga zafin Basra, kullum da azahar sai wuta ta yanke. Ɗansa Muwaffaƙ ya rantse akwatin ƙyanƙyasar tsohon ne ke shanye ta, kuma in ma'auni ya tabbatar, yau za a cire shi. Ƙwai goma sha takwas ne a ciki, saura kwana uku su fashe. Jiya Rusul, mai karatun lantarki, ta kawo ɗan ma'aunin nan mai baki da ake maƙalawa a waya, tsoho ya ce a bar masa ya auna da kansa.

"Zo ki gani, amarya mai hancin ludayi. Sifili! Akwatina azumi yake yi."

Rusul ta durƙusa ta leƙa. "Kai, tsoho mai ran ƙarfe! Igiyar gaba ɗaya ka cusa masa a baki? Waya biyu ce a cikin robar nan, ɗaya ta kai wuta, ɗaya ta dawo da ita. In ka haɗa su sai su kashe juna. Ko injin niƙa ne, sifili zai nuna."

Ai sai tsoron tsoho ya kwanta, son sani ya taso. "Tsaya. In wutar komawa take inda ta fito, to me akwatin ya ci?"

"Ƙarfinta. Kamar kai in ka je kasuwa ka dawo. Kai ɗin ne dai, amma babu gwiwa."

"Gwiwar da ta ɗauki buhun dabino uku a tashar jirgin ruwa, lokacin ubanki ko wando bai iya ɗaurawa ba?"

"Bara buhu biyu ka ce."

"Na tuna da ɗayan."

Suka tafi zaure wurin akwatin wutar gidan. Ta nuna masa jar waya, ita kaɗai za a kama. Ya ce shi zai maƙala, ya juya mata baya yana ƙus-ƙus. Lambobi suka kama rawa, yanzu biyu, yanzu ɗaya.

"Kin gani? Ma'auninki ma ya sha wani abu."

Rusul ta buɗe bakin ma'aunin, sai ga ƙwallon dabino ya faɗo ƙasa, tik.

"Kaka! Ka tokare masa baki don kada ya rufu?"

"Yunwa na ga yana ji."

Ta rufe shi har ya ce ƙas. Ta ce ya zare akwatinsa na ɗan lokaci. Tsoho ya zare yana salati, wallahi har tausayi ya ba ta.

"Shida da ɗigo biyu. Mayar."

Ya mayar, ya rufe ido.

"Shida da ɗigo biyar."

"Wato an gama da ni?"

"Wato ko rabin amfiya bai ci ba, tsoho. Fankar da ke kanka ta fi shi ci."

Hajji Ubayyis ya buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. "Kina nufin da gaskiyata nake ta tafka ƙarya tun jiya?"

Rusul ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye. "Ka ci, angona. Ƙwanka sun tsira."

"Ɗan tsakon farko naki ne, wanda ya fi muni, don ku saba da wuri." Ya karɓe ma'aunin daga hannunta, ya buɗe bakinsa ya rufe, ƙas, ƙas. "Maza kira min ubanki. Ki ce ya fito da dutsen gugarsa da butar shayinsa ta lantarki. Yau kowa a gidan nan sai an maƙala masa."