Ramuka Goma Sha Ɗaya a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tone tsakar gidan surukaina ba, ana jibi ɗaurin aure, da rana tsaka, ƙafata ko takalmi babu. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma tunda duk Dogon Kiriya an sani, gara ku ji daga bakina, don masu ba da labarin suna ƙara masa gishiri. Wasu na cewa rami talatin na haƙa. Goma sha ɗaya ne, ni na rufe su da hannuna.

Sana'ata gyaran rediyo da salula, ina da ƴar rumfa a kasuwar Dogon Dutsi. Lokacin da mutane suka yi ta tururuwa zuwa Jado neman zinariya, ni ma zuciyata ta raya mini cewa arzikina na can binne cikin hamada yana jirana. Na sayi injin neman zinariya, irin mai doguwar sanda da faifai a ƙasa, wanda ake shafa shi bisa yashi, in ya ji ƙarfe ya yi wa mutum kuka a kunne. Wata bakwai na yi can. Na dawo da faso, da tari, da injin. Zinariya kam na gan ta da idona, amma a hannun wasu.

Injin ya shekara ƙarƙashin gado yana shan ƙura. Sai ranar nan zoben wata maƙwabciyarmu ya suɓuce a ƙofar gida, mata suka taru suna ta tankaɗe yashi da rariya tun hantsi ba su ga komai ba. Na fito da shi don gwaji kawai, kafin shayi ya tafasa ga zobe a tafin hannuna. Daga nan labari ya bazu. Kun san yashin ƙasarmu, in abu ya faɗa masa ba ya mayarwa da arziki. Yau ɗan kunne, gobe awarwaro, jibi sarƙar wata Hajiya da ta tsinke wurin suna. A hankali kunnena ya koyi aikin: baƙin ƙarfe gurnani yake sa injin ya yi, zinariya da azurfa kuwa muryarsu siririya ce. Aka fara kirana Mai Inji, kaina ya fara kumbura. (Har wata irin tafiya na koya, ta mutumin da ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa.) Ya zamana ba na zuwa biki ko suna sai da injin a buhu, don duk inda mata suka yi rawa, washegari akwai mai nemana.

To, bayan an cika rumbuna a shekarar, aka sa bikin Safiya, ƙanwar matata Barira. Muka shiga taksi muka tafi Dogon Kiriya kwana biyu kafin ɗaurin aure, injin na saman mota tare da buhun shinkafa.

A gidan akwai wasu ƴan kunnen zinariya masu nauyi da kakarsu, Kaka Hajo, ta zo da su daga Makka tun tana da ƙarfinta. Al'adar gidan ita ce duk ɗiyar da za a kai ɗakin miji da su ake kai ta, bayan biki a mayar wa babbar ɗiya ta ajiye. Barira ce ƴar fari, don haka a hannunta suke tun aurenmu. Ni dai na san da su, amma ba zan ce ga ranar ƙarshe da na gan su ba. Namiji ne ni, abin da na sani game da kunnen matata shi ne tana jin kira.

Ina durƙushe bakin tsakar gida ina gaisuwa, sai Gwaggo Mero, ƙanwar surukina, ta ce a fito da ƴan kunnen a goge su. Barira ta sunkuyar da kai. Ta ce sun ɓata, a nan tsakar gidan, shekarar da ta zo ta zauna wurin iyayenta ina Jado. Wai ta ƙulle su a bakin zane tana daka, da ta duba babu su. Gwaggo Mero ta tafa hannu, ta juya ta dubi matan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, ta ce macen da ta kasa riƙe abin da ke ƙulle a zanenta, da me za ta riƙe gida? Ta ce yanzu ke nan Safiya ce za ta zama ta farko da za a fitar daga gidan nan kunne fayau. Inna, uwar Barira, ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. Cewa kawai ta yi abin da ya ɓata ya ɓata, a ɗora tukunya.

Na ga idon matata ya kawo ruwa, kuma Allah ya sani na ji tausayinta har cikin raina. An zubar mata da mutunci gaban danginta, ina durƙushe ina ji. Amma in zan faɗi gaskiya, bayan tausayin akwai wani abu da ya laɓe, wato murna. Shekara tara ina surukin gidan nan, abin da aka fi sanina da shi shi ne na je Jado na dawo da tari. Yau ga dama ta zo har gida: in wanke matata, in rufe bakin Gwaggo Mero, in nuna wa mutanen ƙauye abin da ake kira aiki.

Ina zaure ina haɗa injin ina sa masa sabbin pil, wato batura, Barira ta biyo ni.

"Maigida, don Allah ka bar shi. Shekara nawa yanzu? Yashi ya riga ya ci."

Na yi mata dogon bayani, cewa zinariya ba ta tsatsa kuma ba ta ruɓewa, ko shekara ɗari ta yi tana nan inda ta faɗi. Ta ce to in bari sai bayan biki, in mutane sun watse. Na ce yau aka ci mata fuska, yau za a ba da amsa. Har hannun rigata ta riƙe, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan iyayenta. Ni kuma da hikimata sai na ɗauka kunya ce take ji kada a ce mijinta ya fiye iyawa.

Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, tunda ba a taka gidan surukai da takalmi, na shiga na fara ba da oda. A kwashe tukwane, a janye kwanoni, mai awarwaro a hannu ta ja da baya. Girkin biki ya tsaya cak saboda ni. Na ɗauki kara na ja layuka a ƙasa, na raba tsakar gidan gida-gida kamar yadda nake yi ko'ina. Sannan na rataya injin a kafaɗa, na ɗora kas a kai, wato abin nan da ke rufe kunnuwa biyu don a ji kukan injin sosai. In ka sa shi, ko jaki ya yi kuka a bayanka ba za ka waiga ba.

Ramin farko, cokali. Na biyu, ƙusa. Na uku, gwangwanin tumatir da ya fi ni daɗewa a gidan. Kunnena na faɗa mini duk gurnanin baƙin ƙarfe ne, amma idanun da ke kaina sun yi yawa, dole in tona in nuna ana aiki. A rami na biyar na fito da mabuɗin akwatin surukina, wanda aka fasa tun shekara uku da suka wuce saboda rashin mabuɗin. Maza da ke leƙe daga zaure suka yi ta mamaki, wani tsoho har da cewa lallai abin nan yana da idanu. Wannan ya ƙara mini ƙarfi. Duk ramin da na gama sai in ɗago in ce, "Mun kusa." (Daga baya aka faɗa mini saboda kas ɗin da ke kunnena, ihu nake yi ba magana ba.)

Rana ta take, yashi ya ɗau zafi, ina ɗaga ƙafa ɗaya ina ajiye ɗaya kamar zalɓe. Reza, guntun hauya, tsohuwar dala, wani cokalin kuma. Da ina da hankali da na lura Barira ta shige ɗaki tun rami na biyu ba ta sake fitowa ba, kuma Inna ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba. Wanda abinsa ya ɓata, ai shi ke bin bayan mai nema. Ni wadda ke bina rami-rami Gwaggo Mero ce kaɗai, hannu a ƙugu.

Rami na goma sha ɗaya ya kai ni gindin bishiyar bedi, dab da tabarmar Kaka Hajo. Tsohuwa ce tukuf, kunnenta ya yi nauyi, amma bakinta bai tsufa ba. Tsakanina da ita wasa ne, angonta take kirana, kullum tana cewa in saki jikarta in dawo gare ta. Na durƙusa ina tono sai na ga tana yafuto ni da hannu. Na ga bakinta na motsi, ban ji komai ba. Maimakon in cire kas ɗin kamar mutumin kirki, sai na ce ta ɗaga murya. Ta sake faɗa, na sake cewa ban ji ba. A karo na uku ta sa sandarta ta ture kas ɗin daga kunnena, ta kuma buɗe murya gaba ɗaya, yadda ni na nema.

"Na ce ka bar wahal da ƙasa, angona. Abin da kaka biɗa ga shi nan rataye ga kahwaɗarka. Da mi kaka tsammani anka sai maka injin ga?"

Abin da ake ji kawai injin, don faifansa ya jingina da awarwaron azurfar da ke hannun tsohuwar, yana ta wannan siririn kukan da na wuni ina nema. Ni mai gyaran rediyo, na rasa inda ake kashe shi.

A durƙushe nan na tuna ranar da Barira ta miƙo mini kuɗi ƙulle a ƙyalle, bayan na yi wata guda ina damunta da zancen Jado, ina cewa rashin inji ne kawai tsakanina da arziki. Ta ce adashi ta kwasa. Wane irin adashi ne na matan unguwarmu zai sayi inji har da guzuri? Ban tambaya ba. Na karɓa na sa aljihu, na ce Allah ya yi albarka, na tafi neman mota.

Gwaggo Mero ta buɗe baki, amma Inna ta riga ta. A shekara taran nan Inna ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ni mijin ƴar fari, kuma ranar ma ba ta karya wannan ba. Tukunya ta duba ta ce, "A ba baƙo ruwa, ya sha rana. In ya huta shi ruhe muna ramun ga, kada ƙahwar amarya ta hwaɗa." Sannan ta juya wajen Gwaggo Mero. "Ni nik kai su wurin maƙeri da hannuna. Ɗiya ta ruhe asirin mijinta, ni kau na ruhe nata. Wanda ka da magana, ga ni zamne."

Aka kawo mini ruwa a ƙwarya, na sha. Da zagina aka yi da ya fi mini sauƙi. Na tashi na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ina turawa da hannu ina dannewa da ƙafa, mata na ratsa ni suna mayar da tukwane, kowace na yi mini sannu da aiki. Cokula biyun dai an wanke su an yi amfani da su a bikin. Safiya kuma da ƴan kunnen azurfar Inna aka kai ta.

Aka gama biki, ni da Barira muka kamo hanyar gida. A taksi, sai da muka hango dutsen garinmu sannan na yi ƙarfin hali na ba ta haƙuri. Na ce ban san yadda aka yi na kasa ganewa ba. Ta juyo daga taga ta dube ni.

"Kai da kake wannan aiki kullum," in ji ta, "ka taɓa ganin macen da ƴan kunnenta suka ɓata duka biyu rana ɗaya?"

Na yi tunani, na bi duk matan da suka taɓa zuwa rumfata. Kowace da ɗaya take zuwa a hannu, tana neman ɗan'uwansa. Duk matan da ke tsakar gidan nan sun gane tun daga bakin Barira, watakila har Gwaggo Mero, wadda dai ta so ne ta ji an faɗa. Ni kaɗai ne, ƙwararren, na je na ɗauko inji. Na ce to zan sayar da shi in haɗa da abin da Allah ya hore, in saya mata wasu. Ta ce in bar shi inda yake, sau ɗaya sun ɓata ya isa.

Har yanzu ina aikin, kuma ina samo wa mutane kayansu, alhamdu lillahi. Sai dai yanzu na san ba duk abin da aka ce ya ɓata ake so a gani ba. In mace ta zo, ko mijinta ya jawo ta, aka ce ƴan kunne sun faɗi, kafin in taɓa buhun injin sai in tambaya: ɗaya ne ko duka biyu? In aka ce ɗaya, in ɗauki kayan aiki mu tafi. In aka ce duka biyu, sai in yi tagumi in ce kash, pil ɗina sun mutu. Mazan kan tsaya suna tambaya ko babu mai sayarwa kusa. Matan kuwa, har yau ba wadda ta taɓa cewa in je in sayo sabbi.