Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina a Filin Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da samarin Keita suka zo buga ƙwallo da namu a Madawa, bayan an gama yankan gero. Ɗana na fari ne mai tsaron gida. Tun da na haife shi bakina bai taɓa furta sunansa ba. Ga kunyar ɗan fari, ga shi kuma sunan marigayi mahaifin maigidana aka sa masa. Iyakata in ce "wancan yaron".

Abokansa kuwa Ɗan Ekos suke ce masa. Mushen lakkwal ɗinsu, wato malamin makarantarsu, wanda ke koya musu wasan, yana da tsohon hoton wani ɗan ƙwallon ƙasar Ekos ta can Turai, na zamanin da, mai gashin baki da wando har ƙasan gwiwa. Irin wandon da na ɗinka wa yaron ke nan. (Ba zan bar shi ya shiga mutane da cinya a waje ba.)

Ban taɓa zuwa kallo ba. Surukata ce ta matsa sai mun je ta ga jikanta. Muka tsaya can baya cikin mata, na ja lulluɓi, ina yi kamar ban san kowa ba a filin.

Namu na gaba da ci ɗaya, wasa ya kusa tashi, sai wani ƙato ɗan Keita ya taho a guje. Yaron ya faɗa kan ƙwallo, ƙaton ya faɗa kansa. Ƙato ya tashi. Nawa bai tashi ba, ko yatsa bai motsa ba.

Ni da sai an matso ake jin maganata, ban san lokacin da na ratsa maza ba. Takalmina ɗaya ya tsaya a baya. Ina gudu ina ihu: "Idrisa! Wayyo Idrisa! Sun kashe mini Idrisa!" Alƙalin wasa na ta busa usur, ko kallonsa ban yi ba.

Na durƙusa, na ɗora kansa bisa cinyata. Sai ya buɗe ido ɗaya.

"Inna, don Allah tashi ki tahi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Lahiyata lau. Mushe ya ce in kwanta lokaci shi wuce."

Da mutane suka ga ya buɗe ido yana magana, sai dariya ta ɓarke. Wani ɗan Keita ya ɗaga murya: "Inna, goya shi ki kai gida mana!"

Na dawo kaina a ƙasa. Surukata na riƙe da takalmina. Ta miƙo mini, ta ce, "Ashe kin san sunan? Ni na ɗauka tun ran suna kin mance. Wannan kira, ai har mai sunan ya jiya daga kushewa."

Na daɗe ban leƙa ajinmu na yaƙi da jahilci ba, don ko ƙofa ban kai ba mata za su fara "Wayyo Idrisa!" Amma da na ga yaron ya shigo gida da ƙafafunsa biyu, ya zauna ya share kwanon tuwo, wallahi sai na ji kunyar ta yi mini sauƙin ɗauka.

Abin da na koya dai, idan ɗan ƙwallo ya kwanta kamar gawa, uwa ta fara duba fuskar malaminsa. In shi bai ruɗe ba, ta gyara lulluɓinta ta yi shiru.