Takardar da Ta Haɗa Garke Biyu

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, a shekarun tamanin, ina ƙaramin akawu a ofishin dabbobi na Tudun Wada. Ajami ne ya samar mini aikin, domin makiyayanmu shi suke karantawa. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, ina ji da hannuna.

Duk lokacin allurar shanu sai an rubuta wa kowane Arɗo wasiƙa daban. Sai na kawo dabara: a buga takarda ɗaya mai gida uku a jere, tafireta ta sa Litinin, Talata, Laraba da boko a saman gidajen, a gurza kofe da yawa a ajiye. Kowace shekara sunaye kawai zan cike. Shugabanmu, malamin dabbobi da muke kira Dakta, ya yaba. (Kwana uku ina tafiya kamar ni na gina dam ɗin Tiga.)

Na zauna, na yi bisimilla, na cike sunaye da Ajami. Arɗo Sambo ne na farko, sai na sa shi inda duk ɗan makarantar allo yake farawa, wato dama. Arɗo Gide a tsakiya, Arɗo Manu a hagu. Ban ko ɗaga kai na ga cewa ranakun boko daga hagu suka taso ba. Har zayyana na yi wa gefen takardar.

Ranar Litinin da hantsi sai ga garken Arɗo Sambo. Ya ƙirga daga dama, ya ga shi ne na farko, wato mai ranar fara allura. Ba a jima ba sai ga na Arɗo Manu ta ɗaya hanyar. Shi surukinsa malamin firamare ne, ya karanta masa cewa Litinin ce a saman sunansa. Shanu suka cakuɗe, bijimai suka fara gwada ƙaho, maganin da ke cikin ƙanƙara kuwa na garke ɗaya ne tak. Dole wani ya koma, bayan tafiyar da ya faro tun asuba.

Kowane ya zaro takardarsa. Arɗo Sambo ya ce, "Dakta, wannan rubutun Musulunci ne, daga dama ake farawa."

Arɗo Manu ya ce, "To ranar ta gwamnati ce, ko Litinin ɗin ma taka ce?"

Dakta ya duba takardun, sannan ya ce, "Ina gwanin namu?"

Gwani yana bayan mota, yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Na fito, na durƙusa gaban dattawan, na ce, "Baffa, ku duka kuna da gaskiya. Ni ne na yi wa takardar nan kai biyu."

Arɗo Manu ya ƙare mini kallo, ya ce, "Kai ne mai adon nan na gefe? Wallahi ya yi kyau. Da ka rage ado ka duba sama, da shanuna suna gida." Aka fashe da dariya, har masu riƙe da sanda.

Shi ya haƙura zai dawo Laraba, amma da sharaɗi: mai takarda ya raka shi. Haka na bi bayan shanu har ruga, da takalmin ofis, ina kauce wa kashi ina takawa. Alhamdu lillahi, an ba ni kindirmo, kuma Dakta bai kore ni ba. Sauran takardun dai ya sa na bi su ɗaya bayan ɗaya, na rubuta ranakun da Ajami a cikin kowane gida.

Tun daga ranar, in na tsara takarda, kafin in yaba wa kaina sai na miƙa wa mutum biyu, mai farawa daga dama da mai farawa daga hagu, in tambaye su yaushe za su zo.