Yadda Kalmar Bature Ta Ɗaga Ni Sama a Lambun Mangwaro

Ina iya mance sunayen jikokina (kuma ina mancewa, sun yi yawa), amma ba zan taɓa mantawa da ranar da wata kalmar Turanci ta ɗaga ni sama ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ce. Ni kuwa tun zamanin tsuke bakin aljihu aka sallame ni daga aikin masinja a Gwarzo, na koma Lakwaya ina lallaɓa ɗan lambun mangwaro. A aji huɗu karatuna ya tsaya, amma na daɗe ina ɗaukar fayil, Turanci ya shafe ni ta hammata, har ake tsokanata da Bature.

Sai mangwarona ya fara ɓacewa. Ba ɓawo, ba ƙwallo, sai sawun shanu a gindin bishiya. Shanun kuwa na maƙwabcina Bello ne, da ke bi ta nan da su kullum da safe. Mai unguwa ya ce a kai shi gaban alƙali. A lokacin kowa a tsorace yake; ko ba a yanke wa mutum komai ba, sunansa ya yanku, ga Bello yana shirin aurar da ɗansa. Na roƙi a ba ni mako guda.

Surukina Malam Habu, malamin makaranta a Kabo, da ya zo gaisuwa na ba shi labari, sai ya ce, "Baba, abin nan ya yi baffle ɗinku ke nan."

"Ya yi me?"

"Baffle, Baba. Ɗaure wa mutum kai, ko a tare masa hanya ya kasa cim ma burinsa. An ce asalinta, can a ƙasar Turawa, idan jarumi ya yi rantsuwar ƙarya, sai a rataye shi ko hotonsa ta ƙafa, kai a ƙasa, gari ya taru yana yi masa ihu."

Wallahi kamar an ba ni sarauta. Na ce to, ɓarawon nan da hukuncin Turawan dauri zan kama shi. Na samu igiyar guga, na yi zarge a ƙasa na rufe da ganye, na ɗora ta kan reshe, na ɗaura buhun yashi a ɗaya bakin. Sannan (nan ne wautar take) na gayyato dattawa, har da Bello, bayan la'asar su ga fasaha.

Na sa babbar rigata ta Juma'a. Na tsaya ina bayani, hannu a baya kamar sakataren ƙaramar hukuma.

"Jama'a, ita wannan kalma ma'ana biyu gare ta, asali ɗaya."

Mai unguwa ya ce, "Bature, taƙaita mana, magariba ba ta jin Turanci."

"Ranka ya daɗe, ilimi ba ya son gaggawa. Shi maƙaryacin, sai a kama ƙafarsa kamar haka…"

Na ja da baya taki ɗaya.

Ban san sanda duniya ta kife ba. (Talauci ya riga ya mayar da ni kamar karan dawa, buhun yashi ya fi ni nauyi nesa ba kusa ba.) Hula ta yi gabas, riga ta rufe min fuska, wandona mai faci a mazaunai ya fito yana gaida dattawa. Liman ya fara salati, dariya ta ƙwace masa a tsakiya.

Bello, wanda ake zargi, shi ya fara rugowa. "Malam, yi haƙuri in kwance ka!"

Na yaye rigar daga fuskata. A nan na gan su: jemagu, reras a cikin duhun ganye, kai a ƙasa kamar ni, muna kallon juna ido da ido kamar 'yan majalisa ɗaya. Ga mangwaro nan gefensu duk a gwagwiye. Mun ƙare mako muna duban ƙasa muna neman sawu, ba wanda ya ɗaga kai. Jemagun ke ci su yar, shanun Bello su zo da safe su share saura.

Na daka tsawa, "Kar wanda ya taɓa ni! Ranka ya daɗe, matso ka dubi inda yatsan ƙafata yake nunawa!"

Mai unguwa ya matso, ya ɗaga kai, ya bi yatsan da kallo har cikin ganye. Can ya ce, "Bello, ka yafe mana."

Da aka sauke ni na karkaɗe riga, na sa hula, na ce da ma haka na tsara, bincike irin na Turawa sai an kife. Ba wanda ya yarda. Amma ranar ɗaurin auren ɗan Bello ni aka zaunar a kan darduma, aka ajiye min ƙwaryar kindirmo ni kaɗai, wadda ko mai unguwa bai samu irinta ba.

Har yau in na wuce majalisa sai wani ya ce, "Malam Baful, yau ta kai ko ta ƙafa?" Ni kuwa in amsa da fara'a, don ban ga wanda ya taɓa raba shari'a a kife ba sai ni. Abin da na koya dai shi ne: in surukinka ya ba ka kalmar Turanci, karɓi ma'anarta ka gode, asalinta kuwa ka bar wa masu ita. In kuma dole sai ka gwada, to ka fara sauya wando.