Ranar da Gwiwoyina Suka Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka cika shekara ɗaya da aure. Yau sati uku ke nan, amma in na ji ƙamshin tsire sai abin ya dawo min sabo. Ga shi a Briketeri nake zaune, unguwar Hausawa ta Yaoundé, inda ƙamshin tsire shi ne iskar da muke shaƙa.

Ni na jawo mana. Na ga ƙawayena na makaranta suna ta saka hotuna a waya, wai "aniversar", sai na tasa maigidana Nuhu a gaba har ya kama mana ɗaki na kwana biyu a wani otel can wajen dutsen Mont Fébé. Matsalar ita ce a gidan iyayensa muke zaune. Da wane baki zai dubi mahaifinsa Baba Alhaji, dattijon da ya tsufa a bakin wutar tsire, ya ce zai kai matarsa shan iska? Sai muka shirya ƙarya biyu. Shi ya tafi Douala ɗauko kayan shago, ni kuma zan kwana biyu wajen yayata a unguwar Nkomkana. Muka fita ɗai-ɗai, muka haɗu a tasi kamar waɗanda suka saci akuya.

Ranar farko lafiya lau. Na ci miyar ndole, na ci gasasshen kifi da bobolo na rogo (sau uku na tambayi mai kawo abincin ko ya tabbata babu alade a jikin kifin, har ya ce, "Madame, kifi ne.").

Washegari otel ɗin suka shirya wa baƙi zagayen gari a ƙaramar bas. Mu biyu da Turawa shida. Don kada wani ya gane mu, Nuhu ya sa gajeren wando da faffaɗar hula da baƙin tabarau, ya ƙara da takunkumi. Ni ma na maka tabarau rabin fuska, muka yi alkawari Faransanci kawai za mu yi. Muka hau dutse, muka zagaya tafki, ina ta "oh là là" a garin da aka yanke min cibiya.

Bayan la'asar mai yi mana jagora ya ce yanzu zai kai mu inda ake abincin da ya fi kowane daɗi a Yaoundé, amma ba zai faɗa ba, sai mun gani. Wallahi har tafi na yi.

Can motar ta faɗa wani rami, sai na ji kamar na san ramin. A cikinsa takalmina ya taɓa tsinkewa. Na leƙa taga: ga telan da ya ɗinka min kayan aure, ga masallacinmu, ga hayaƙi. Na damƙi hannun Nuhu. Duk rumfunan tsiren da ke layin nan, direba bai ga ta tsayawa ba sai ta Baba Alhaji.

"Kowa ya sauko!" in ji mai jagora. Direba ya kulle mota.

Muka laɓe bayan Turawa, mai jagora yana yi musu bayaninmu: wai Hausawa mutane ne masu tsananin kunya da girmama na gaba. Turawa suna gyaɗa kai, ni ma ina gyaɗawa.

Baba ya yanka ɗanɗano, yana bin kowa yana miƙa masa a takarda. Da ya zo kaina sai ya tsaya.

"Yarinya, kamar na san ki."

Na maƙale murya ta hanci na ce, "Pardon, je ne comprends pas," wai ni ban gane ba.

Ya ce to, ya miƙo naman. Nan fa abin ya faru. Bakina ya riƙe alkawari, amma babu wanda ya sanar da gwiwoyina. Shekara guda suna durƙusa wa wannan mutumin safe da yamma. Kafin in ankara ina ƙasa, na tara hannu biyu, ina cewa, "Na gode Baba, Allah ya ƙara girma."

(Wata tsohuwar Baturiya ta ɗauka haka ake karɓar tsire, ita ma ta durƙusa a gefena. Sai da mutum biyu suka ɗaga ta.)

Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi namijin da nake riƙe da hannunsa ɗazu. Wuƙar yankan nama tana hannunsa, bai ajiye ba.

"Nan ce Nkomkana? Ɗana yana can Douala yana neman abin da za ki ci, ke kina nan da wannan ƙaton mai gwiwa a waje? Kai! Ɗan gidan uban wa ne kai?"

Teloli suka bar keke, masu shayi suka matso, wani har ya fara salati. Na ga aurena yana tafiya, na ga fuskar Innata in labari ya kai mata, na ji sunan da unguwa za ta laƙaba min har in mutu. Na waiwaya wajen Nuhu don ya buɗe baki ya cece ni. Me zan gani? Jarumin nawa yana ja da baya a hankali, yana laluben ƙofar motar da aka kulle.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fizge hular, na fizge takunkumin har igiyar ta tsinke, na kurma ihu: "Baba, ɗanka ne! Wallahi halalina ne!"

Baba ya daɗe yana kallon Nuhu daga sama har ƙasa, sannan ya ajiye wuƙar.

"Sannu da zuwa daga Douala," ya ce. "Lallai hanya ta yi wuya, har ta cinye maka rabin wando."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har Nkomkana. Turawa suka tafa, mai jagora ya ce musu wannan ma al'ada ce. Baba ya ƙunsa mana tsire mai yawa, ya ce baƙo baƙo ne, mu koma otel mu ƙarasa kwananmu. Ban iya cin ko yanka ɗaya ba. Nuhu ya cinye tas, yana rantsuwa wai dabara yake nema a jikin motar.

Tun daga ranar, kullum na durƙusa gaida Baba da safe, sai ya gyara murya ya ce, "Bonjour madame. An fara jin Hausa?"

Abin da na koya shi ne, in za ki yi ƙarya, ki fara shawara da gwiwoyinki. In kuma za ki yi ta da miji, ki tsaya ta bayansa, don ki ga lokacin da zai fara ja da baya.