Kaboyin Khumra

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama kaboyi a Jidda ba, ko da yake sarautar tawa ba ta kai tsawon atishawa ba.

Tun ina yaro a Kano nake da wannan ciwon. Akwai wata silima marar rufi a bayan unguwarmu da ke saka tsofaffin finafinan kaboyi na Amurka, baƙi da fari, waɗanda suka girmi babana. Turancin ba na ji, ban kuma taɓa jin na yi asara ba. Ni dai a bar ni da filin nan marar iyaka, da mutum guda a kan doki, malafa ta rufe masa ido, yana tafe ba ya sauri. Sai ya juya igiya a sama ya sake ta, ta yi ta tafiya a iska kamar ba za ta sauka ba, ta faɗa wuyan bijimi. A nan zuciyata ke narkewa.

Na girma, na zo umra, na ƙi komawa. Na tare gidan Kawu Isa a unguwar Hindawiyya, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba aiki, sai ci da kallon kaboyi a waya. Da la'asar in hau saman bene da igiyar shanyar matarsa in yi ta jifan tukunyar gas. (Tukunyar nan ta sha kamu a hannuna, ba ta taɓa kuɓuta ba.) Iskar teku tana kaɗa ni, kiran salla na tashi daga ko'ina, ni kuwa ina can wata ƙasa ina kora garke zuwa faɗuwar rana.

Da Kawu ya gaji, sai ya nemo mini aiki wajen abokinsa Alhaji Adamu, mutumin Chadi, dillalin shanu a kasuwar dabbobi ta Khumra.

"Wannan ce damarka ta ƙarshe," in ji Kawu. "In ka ɓata ta, halas, shi ke nan, ka miƙa kanka a mayar da kai Kano."

Na tsorata ƙwarai, amma hakan bai hana ni biyawa kasuwar Bab Makka in samo malafa ba.

Alhaji Adamu ya dube ni, ya dubi malafar. "Ya waladi, yarona, ka san shanu?"

"Tun ina yaro nake tare da su, Alhaji." (Ban yi ƙarya ba, a allon silima ne dai.)

Muna tsaye ake sauke shanu daga mota, sai wani jan bijimi ya ƙwace ya yi fili. Ma'aikata suka bi shi yadda suka saba: a sa masa igiya a ƙafar baya, mutum da yawa su riƙe, wani ya kama wutsiya. Ni kuwa abin da na gani daban ne. Fili ya buɗe, ƙura ta tashi, rana ta yi ja a bayan rumbunan ajiya. Wallahi har kiɗan na ji.

Na ce, "Ku dakata!" Na fizgi igiya, na yi mata zarge, ɗaya bakin kuma na ɗaure tamau a ƙuguna don kada ta suɓuce. Na juya ta a sama. Na sake ta.

Jama'a, ta shiga! Ta tafi a hankali yadda nake ganinta a mafarki, ta zauna a wuyansa. Har na sa yatsa na taɓa bakin malafata.

Sai bijimin ya tuna yana da wurin zuwa.

Ina cikin iska na fahimci abin da ya wuce ni duk shekarun nan. Kaboyi ba a jikinsa yake ɗaure igiya ba, a sirdi yake naɗe ta, doki ya kafe ƙafafu ya riƙe bijimin. Ni mahayin kawai nake kallo, ban taɓa duban dokin ba. Ranar ni ne kaboyin, ni ne kuma dokin, dokin ma rago.

Ya ja ni ruf da ciki ta cikin kashin shanu, ta kwatamin ruwa, ta gaban masu tumaki da suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Da ƙyar wani dattijo ya sa masa igiya a ƙafa. Na tashi ba malafa, ba takalmi ɗaya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na riga na hango kaina a jirgin Kano.

Alhaji Adamu ya yi dariya har da hawaye. "Jifa kam, masha Allah! Amma ina dokinka, ya Kaboyi?" Ya share ido. "Yalla, maza je ka yi wanka. Gobe ka zo, shara da ban ruwa. Igiya kuwa, ko ta wando za ka taɓa sai ka tambaye ni."

Har yau ina Khumra, har yau Kaboyi ake kira na, har yau kuma ina kallon finafinan. Sai dai yanzu dokin nake kallo. Kuma duk abin da zan jefa wa igiya a rayuwa, nakan fara duba inda na ɗaure ɗaya bakin.