Ranar da Na Cusa Kai a Firjin Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe min komai, da ranar sunan jikana na biyu a Gwaram.

Bari ku fara sanin ko ni wace ce. A unguwarmu a Birnin Kudu, in ana zancen kunya ni ake nunawa. 'Yata ta fari, tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba (ko a nan ba zan rubuta shi ba, kada ku sa rai). Mijinta kuwa, tun da aka ɗaura aure bai taɓa yi wa fuskata kallo mai kyau ba. In ya zo gaisuwa yana tsugune a bakin ƙofa, ni ina can ƙuryar ɗaki na ja mayafi, "lafiya lau" kawai yake samu, ita ma ciki-ciki. Mata har misali suke bugawa da ni, ni kuwa ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye muku ba.

Abu na biyu da aka san ni da shi sana'ata ce: ƙanƙara, zobo da kunun aya. Firjina a hannuna ya tsufa, ko tari ya yi na san abin da ke damunsa.

A haihuwar fari gida ta zo wanka. Ta biyu a ɗakinta ta yi, dole ta sa na shiga motar Gwaram ni da ƙanwata Talatu da jarkokin zobo. Shirina shi ne in shige ɗakin baya in lafe, Talatu ta yi ta shige da fice, da yamma mu sulale surukina bai ko ga inuwata ba.

Bazara ce, rana kamar ta dafa mutum. Maza na waje ana fiɗar rago, sai ga Talatu ta faɗo ɗaki. "Yaya, akwai matsala. Firjin gidan ya ƙi ba da ƙanƙara, zobonki ya fara ɗumi, ga mata na hanya."

Na ce a aika a sayo mana. Ta ce an zaga, garin ba wuta, babu ƙanƙara ko ta magani, gidan nan ne kawai mai sola. Mai gyara kuma ya tafi cin kasuwa.

Na leƙa na ga ba namiji a tsakar gida, na bi bango har kicin. Firji ne ƙato mai ƙofa biyu, irin mai yin ƙanƙara da kansa yana zubo ta ƙanana-ƙanana cikin ɗan akwati. Ban taɓa sa hannu a irinsa ba, amma ai ƙanƙara ƙanƙara ce. Ina buɗewa na ga ta haɗiye injin gaba ɗaya, ta toshe ɗan bututun da ke ɗigo da ruwa, komai ya zama dunƙule guda. Wata daga dangin miji tana tsaye da wuƙa za ta sassaƙe. Na ce, "Baiwar Allah, ajiye! Kika huda shi iskarsa ta fita, sai dai a riƙa zuba gero a ciki."

Na zare wuta, na sa aka ɗumama ruwa. Hijabi ya jiƙe yana hana ni sakewa, na cire na rataye a ƙofa. Ɗankwali ya bi shi. Na tattare zani na ɗaure tamau, na taka kujera 'yar tsuguno, na cusa kai har kafaɗa. (Ku auna da kanku: mace mai jiki kamar ni, kai a ciki, saura a waje.)

Mai wuƙa ta yi zuciya ta fita, Talatu ta ce bari ta ƙaro ruwan ɗumi. Jim kaɗan na ji motsi a bayana, na miƙa hannu ban waiga ba. "Miƙo butar." Aka miƙo. "Tsumma." Aka miƙo. Ni kuma in ina aiki bakina ba ya zama wuri ɗaya.

"Shi ma maigidan nan," na ce, "ya iya sayen firji kamar ɗaki, amma bai ga robar ƙofa ta saki ba? Iska na shiga, ba dole ya daskare ba? Kullum sai zumbula hula da fesa turare."

Na ɗauka Talatu dariya take gumtsewa, sai na ƙara wuta. A nan ne fa na kira sunan 'yata, ɓaro-ɓaro, har sau biyu. "Wallahi ba don ita ba ko kallon firjin ba zan yi ba. Yarinyar nan ni kaɗai na san yadda nake jin ta a raina. Ina raye ba za a ce ranar sunan ɗanta dangin miji sun sha zobo mai ɗumi ba."

Sai dunƙulen ya saki ya faɗo hannuna, bututu ya buɗe. Na ce, "Alhamdulillahi! Karɓi nan," na juyo rungume da ƙanƙara.

Surukina ne. Buta a hannu, ido a ƙasa, hular nan a zumbule kamar yadda na faɗa. Ashe ƙanƙarar ya shigo dubawa don baƙinsa.

Innalillahi! Na nemi hijabi, yana rataye a bayansa. Na nemi hanya, shi ne a bakin ƙofa. Abin da na yi (har yau in Talatu ta tuna sai ta yi hawaye don dariya) shi ne na mayar da kaina cikin firjin na jawo ƙofa.

Daga waje na ji ya durƙusa. "Sannu da aiki, Inna. Za a canza robar, in sha Allahu."

Daga cikin firji na ce, "Lafiya lau."

Amma fa aiki ya yi. Dunƙulen da na ciro aka farfasa aka zuba a zobo, kafin la'asar kuma injin ya soma zubo ƙanƙara da kansa, ana jin ƙararta har tsakar gida. Mata suka sha suna ƙari, har da mai wuƙa. Ina ɗakin baya a ƙudundune ina jin ana cewa uwar mai jego ce ta gyara, kunya na cina, kai kuma na fasuwa.

Da muka zo tafiya na leƙa in ce sai wata rana. Tana zaune da jinjiri a cinya, ta ɗago ta ce a hankali, "Inna, an ce kin san sunana."

Na ce, "Ke, rufe min baki ki shayar da yaro."

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Ni kuma na juya ina ta gyaran mayafin da ba abin da ya same shi.

Darasin da na ɗauka shi ne, kafin ki saki baki a firjin mutane, fara sanin wanda ke miƙo miki buta. Amma in aka ce in janye abin da na faɗa a ciki, wallahi ko maganar hular ba zan janye ba.